Messo, kyanwar daji mai tukku a kunne: yadda yake rayuwa a ƙasar fari da yadda makiyayi zai gane aikinsa

Da safe makiyayi ya zo ƙirga ƴan awaki sai ya tarar babu ɗaya. Aka bi sawu, aka same shi ƙarƙashin wata magarya. An ci naman cinyoyinsa, tumbi da hanji suna nan ba a taɓa ba, an kuma yayyafa busasshiyar ciyawa a kan abin da ya rage. Kafin kowa ya tsuguna ya duba da kyau, magana ta riga ta fita: dila ne. Wani ya ce kura ce, wani ya ce karnukan ƙauyen can ne. Kafin magariba an samu mai ba da shawara a zuba guba a mushen a bar shi a daji.

Duk wanda ya yi aiki da makiyaya a yankunan Dakwaro, Tanut, Gure ko Abalak ya saba jin irin wannan labari. Sau da yawa zargin daidai yake, domin dila da karnukan da ba su da mai su ne suka fi yi wa ƙananan bisashe ɓarna. Sai dai alamun da muka zayyana a sama ba nasu ba ne. Aikin wata dabba ce da mutum zai iya tsufa a daji bai gan ta da idonsa ba fiye da sau ɗaya ko biyu. A littattafan masana an rubuta sunanta na Hausa messo, Fulani na ce mata safandu, a Faransanci kuma karakal. Wannan suna na ƙarshe ya fito ne daga harshen Turkiyya, ma'anarsa baƙin kunne.

Sanin halinsa yana da amfani ga mai kiwo, domin dabarar da za ta tsare garke daga dila ba lalle ta tsare shi daga messo ba, kuma gubar da ake zubawa da sunansa galibi wasu take kashewa.

Kamanninsa

Messo ɗan dangin kyanwa ne, ya fi muzurun gida girma nesa ba kusa ba, amma bai kai damisa ba ko kaɗan. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 40 zuwa 50 ne. Namiji yakan kai kilo 12 zuwa 18, mace kuma kilo 8 zuwa 13, kuma waɗanda ke zaune a busassun wurare sun fi ƙanƙanta da hasken gashi. Launinsa ja-ja ne mai kama da yashi, babu zane babu ɗigo a baya da haƙarƙari, cikinsa fari-fari. Wutsiyarsa gajera ce, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa. A fuska akwai baƙin layi da ya sauko daga ido zuwa hanci.

Abin da ba ya ɓuya shi ne kunnuwa. Dogaye ne masu tsini, bayansu baƙi, a ƙarshen kowanne akwai tukkun baƙin gashi mai tsawon kusan santimita 5. Kowane kunne yana da tsokoki kusan 20 masu juya shi, har yana iya karkata ɗaya gabas ɗaya yamma a lokaci guda. Da haka yake jin motsin kusu a cikin ciyawa ko tafiyar zomo a kan yashi cikin dare. Masana da yawa na ganin tukkun kuma hanya ce ta yin ishara tsakaninsu, domin idan biyu suka haɗu sukan yi ta kaɗa kunnuwa suna juya kai.

Ƙafafunsa na baya sun fi na gaba tsawo da ƙarfi, shi ya sa idan yana tsaye ƙugunsa ya ɗan fi kafaɗa tudu. Daga tsaye yana iya tuma sama kimanin mita 3 ya make tsuntsu yana cikin tashi. Saboda wannan gwaninta ne a zamanin da sarakunan Indiya da Farisa suke horar da shi su tafi farautar tsuntsaye da zomaye da shi. A riƙe wannan adadi na mita 3 a zuciya, za mu dawo kansa idan mun zo maganar shinge. Tsakanin tafin ƙafarsa akwai gashi mai ƙarfi da ke taimaka masa tafiya a kan yashi mai laushi, faratansa kuma a janye suke ciki sai lokacin kamu.

Ana samunsa a yawancin Afirka in ban da tsakiyar Sahara da kurmin da ruwa ya yi yawa, sannan a ƙasashen Larabawa, Iran, tsakiyar Asiya, har arewa maso yammacin Indiya. A kudancin Afirka yana da yawa sosai. A yammacin Afirka kuwa kaɗan ne kuma a warwatse. A Nijar an tabbatar da shi a duwatsun Abzin, a gandun dajin W, da kuma gandun Termit da Tin-Tuma wanda aka kafa a shekarar 2012. Wurin da ya fi so shi ne inda akwai maɓoya: gindin dutse, bakin ƙorama mai ƙaya, kurmin sabara ko anza. Ba ya son fili fetal inda ba abin da zai laɓe a bayansa.

Yadda yake yi da ƙishirwa da zafi

Makiyayi ya san cewa rayuwar garke a rani tana zagaye ne da rijiya. Messo bai ɗaure kansa da rijiya ba. Idan ya sami ruwa yana sha, amma yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo bai sha ba, domin ɗanyen nama kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, ga kuma jinin abin da ya kama. Ƙodarsa, kamar ta sauran dangin kyanwa, tana tace fitsari ya fita kaɗan mai kauri, ba a ɓarnar ruwa. Da rana yana kwance a inuwar kogon dutse, ko cikin ƙaya mai duhu, ko a tsohon ramin dabgi inda ƙasa ke da sanyi. Sai rana ta faɗi yake fita, ya koma kafin hantsi. Da ɗari, lokacin da gari ya yi sanyi, yakan daɗe a waje da safe ko ya fito tun la'asar, musamman a wurin da mutane ba sa damunsa.

Ke nan nisa da ruwa ba ya nufin babu shi a wuri. Akwai masu cewa mun sauka nesa da tabki, ba abin da zai zo. Wannan lissafi yana iya yi wa wasu namun daji daidai, amma bai shafi messo ba.

Abin da ƙasar fari ke tilasta masa shi ne yawo. Inda abinci ya yi yawa yankinsa ƙarami ne, inda ya yi ƙaranci sai ya faɗaɗa. An auna wannan ta hanyar ɗaura wa wasu na'ura a wuya ana bin su. A gaɓar teku ta yammacin Afirka ta Kudu, inda ɓeraye suka yi yawa, yankin namiji bai kai murabba'in kilomita 30 ba, na mace bai kai 10 ba. A hamadar kudancin Isra'ila na namiji ya kai kusan 220, na mace kusan 57. A gonakin kiwo na Namibiya na namiji ya haura 300. A arewacin Saudiyya kuwa an bi wani namiji guda wanda yankinsa ya tashi daga 270 ya kai 1,116. Don a gane girman wannan, gandun Gadabeji na jihar Maraɗi gaba ɗayansa hekta 76,000 ne, wato murabba'in kilomita 760. Dabba ɗaya ta zagaye abin da ya fi gandun duka.

Shi kaɗai yake zama. Namiji da mace ba sa haɗuwa sai lokacin barbara, kuma yankin namiji ɗaya yakan haɗa da na mata biyu ko fiye. Yana shata iyaka da fitsari da yake fesawa a jikin itace ko dutse, da kashi da yake bari a fili a kan hanya, da karce itace da farata. Wani namijin da ya zo wucewa yana sunsuna waɗannan alamu ya san wuri da mai shi.

Idan muka ɗora wannan a kan ƙasarmu, wadda ta fi kama da Saudiyya da Namibiya fiye da gaɓar teku, za mu fahimci abu biyu. Rugage biyar ko shida da ke kukan messo a wata guda, mai yiwuwa dabba ɗaya suke kuka da ita. Sannan namijin da ke zagaya irin wannan faɗi ba ya zama a bayan garke ɗaya dare bayan dare. Idan ana rasa ɗan akuya kusan kullum a wuri guda har makonni, a fara duba dila da karnuka. In kuma alamu sun nuna messo ne, to wataƙila mace ce mai ƴaƴa a kusa, domin ita ce ba ta iya yin nisa.

Abin da yake ci

Yawancin abincinsa ƙanana ne: kusun daji, gafiya, kurege, zomo, rema a wurin duwatsu, sai tsuntsaye irin su zabin daji, fakara, kurciya da tuje. Yana cin ƙadangare ma idan gari ya tsananta. Amma ƙarfinsa ya wuce girmansa, yana iya kayar da dabbar da ta ninka nauyinsa biyu ko fiye, irin gada ko barewa. Ba ya dogon gudu kamar kare. Yana laɓaɓawa ne ciki a ƙasa har ya rage kamar mita 5, sannan ya zabura sau ɗaya. Idan bai kama ba a wannan zabura yakan haƙura. Ƙaramin abu yana cizonsa a ƙeya, babba kuma yana kama maƙogwaro ya riƙe har numfashi ya yanke.

Wannan salon farauta shi ke nuna inda garke yake da rauni. Messo yana buƙatar abin laɓewa da kuma dabbar da ta ware. Ɗan akuyar da ya yi barci a gindin sabara garke ya wuce ya bar shi, tunkiyar da ta keɓe don haihuwa, akuyar da ɗingishi ya hana ta bin ƴan uwanta da magariba, su ne nasa. Yana iya kashe babbar akuya ko tunkiya, amma ƙanana ya fi ɗauka. Shanu, jakuna da raƙuma ba sa cikin lissafinsa.

Ɓarnarsa takan ƙaru ne idan abincin daji ya ragu, kamar ƙarshen rani da bazara, ko bayan shekarar da damana ba ta yi kyau ba. A daidai wannan lokaci ne kuma bisashe suke ramewa, iyaye ba su da nono, ƴaƴa ba su da kuzari, makiyayi yana tafiya nesa yana dawowa cikin duhu. Inda aka ƙarar da zomaye da zabin daji da barewa ta hanyar farauta ba ji ba gani, abin da ya rage a dajin mai nama shi ne garke.

Akwai kuma wani aiki da yake yi wanda ba a ƙirga masa. Ɓerayen da yake ci dare bayan dare su ne masu cinye irin ciyawa a makiyaya, su tone hatsin da aka shuka, su shiga rumbu. Zomaye kuma ciyawar da akuya ke ci ita suke ci.

Haihuwa

Mace tana ɗaukar ciki kamar wata biyu da rabi, tsakanin kwana 68 zuwa 81. Takan haifi biyu, wani lokaci ɗaya ko uku, da wuya ta kai shida. Tana haihuwa a ramin dabgi ko na beguwa da aka bari, ko a tsagar dutse, ko cikin ƙaya. Idanun ƴaƴan suna buɗewa wajen kwana 10, su fara taɓa nama bayan sun haura wata guda, su rabu da uwa suna da wata 9 zuwa 10. Daga nan matasa, musamman maza, suke bazama neman yankin da babu mai shi. Uban ba ya taimakawa da komai, uwa ce kaɗai ke ciyar da su.

Karanta gawa kafin a yanke hukunci

Tambayar farko ba wai wace dabba ta ci ba. Tambayar ita ce, an kashe ta ne ko mutuwa ta yi aka zo aka ci? Dabbobi da yawa da ake cewa naman daji ya kashe, ciwo ne ya kayar da su, ko yunwa, ko wahalar haihuwa, dila ko ungulu suka zo daga baya. Idan aka ɗora laifi a kan naman daji alhali annobar nan ta awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR ce ta shigo, ko ciwon huhu, to an ɓata kwanakin da ya kamata a kira malamin dabbobi.

Kafin a taɓa komai a duba abu ɗaya. Idan dabba ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da sauri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci, baki ko dubura, kada a feɗe ta ko kaɗan. Wannan yana iya zama ciwon saifa, yana kama mutane, kuma idan aka buɗe gawa ƙwayoyinsa suna zama a ƙasa shekara da shekaru. A hana karnuka da yara zuwa wurin, a sanar da asibitin dabbobi, a ƙone gawar ko a binne ta da zurfi yadda suka ce.

Idan babu wannan alama, a sa leda ko safa a hannu, a fara da ƙasa kafin sawu ya ɓace. Sawun messo zagayayye ne, faɗinsa kamar santimita 5, babu alamar farata a gaban yatsu, kuma bayan babban tafin yana da lanƙwasa uku. Sawun dila da na kare ya fi tsawo fiye da faɗi, kuma faratan suna fitowa sarai a yashi. Na kura ya fi su duka girma, da farata masu kauri, kuma na ƙafar gaba ya fi na baya girma sosai.

Sai a zare fatar wuya da ƙeya. Cizon da aka yi dabba tana da rai yana barin jini daskararre da tabo baƙi-baƙi a ƙarƙashin fata. Idan ramukan haƙora suna nan amma nama fari fes babu jini, to bayan mutuwa aka cije ta. Messo yakan bar ramuka masu tsabta a maƙogwaro ko a ƙeya, tazarar da ke tsakanin fiƙoƙin sama biyu kamar santimita 2 da rabi zuwa 3. Tazarar kaɗai ba ta isa shaida ba, domin ta dila tana kusa da haka. Abin da ke raba gardama shi ne karcen farata a kafaɗa, baya ko haƙarƙari, inda ya riƙe dabbar. Dila da kare ba sa kamu da farata.

Yadda aka ci ma yana magana. Messo yakan fara daga naman cinya, musamman ta ciki inda fata ke da laushi, wani lokaci ya koma kafaɗa. Yakan fizge gashi ya zubar a gefe kafin ya ci. Yawanci ba ya taɓa tumbi da hanji, ba ya fasa manyan ƙasusuwa, kuma yakan ja gawar zuwa gindin itace ya rufe da ciyawa ko ƙasa don ya dawo. Dila kuwa ta gefen ciki yake buɗewa, ya cinye hanta, zuciya da sauran kayan ciki, ya tauna bakin haƙarƙari. Karnuka ɓarna suke yi ba tsari: cizo a ko'ina, kunne a yage, ƙafa a karye, dabbobi da yawa sun ji rauni, an ci kaɗan. Kura tana fasa ƙashi, tana kuma ɗauke gaɓa ko gawar baki ɗaya.

Ga jariri akwai ƙarin dubawa. Idan kofatonsa na nan da laushin haihuwa, ba ƙasa a jiki, bai taɓa tashi tsaye ba. Huhun da ya shaƙi iska launinsa ja mai haske ne kuma yana tasowa idan aka jefa yanki a ruwa, wanda bai shaƙa ba duhu ne kuma yana nutsewa. Idan babu daskararren nono a cikinsa, bai sha uwa ba. Jaririn da bai numfasa ba, ko ya kwana biyu bai sha ba, matsalarsa tana wajen uwa da abincinta, ko da an tarar dila ya cinye rabinsa.

Mai salula ya ɗauki hoton sawu, wuya da gawar kamar yadda aka same ta, ya ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girma, ya tura wa mataimakin likitan dabbobi na yankinsa. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Dabbar da ta tsira da rauni

Cizon dangin kyanwa yana da yaudara. Ramin ƙarami ne a waje amma yana da zurfi, bakinsa yana rufewa da sauri ya kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Bayan kwana biyu ko uku sai wuri ya kumbura ya tara mugunya, akuya ta daina ci. A aske gashin da ke kewaye, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a sa maganin aidin, a duba kowace rana saboda ƙuda da tsutsa. Kada a cusa toka, kashin shanu ko baƙin man mota. Idan cizon a wuya yake kuma ana jin fata tana ƙaras-ƙaras kamar akwai iska a ƙarƙashinta, ko numfashi yana fita da ƙara, maƙogwaro ya huje, aikin likita ne. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ma shi zai ba da ita, ya faɗi kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a ci nama.

Messo mai lafiya gudun mutum yake yi. Duk naman dajin da ya shigo ruga da rana tsaka ba tsoro, yana tangaɗi ko yana dalalar da miyau, a ɗauka ciwon haukan kare ne. Wanda ya ciza ko ya karta ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Dabbar da irin wannan ya ciza a ware ta a sanar da likita, domin ciwon yana iya ɗaukar makonni ko watanni kafin ya bayyana. Amma mu faɗi gaskiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na wannan ciwo a jikin mutane daga kare yake fitowa. Allurar karen garke ta fi duk wata farautar naman daji amfani a nan.

Me ya sa kisa da guba ba sa biya

Babu ƙasar da ta gwada kashe messo kamar Afirka ta Kudu, inda masu kiwon tumaki ke ɗaukarsa babban maƙiyi. Tsakanin 1931 da 1952, a yankin Karoo kaɗai, ana kashe fiye da 2,000 a kowace shekara. A Namibiya manoma sun ba da rahoton kashe kusan 2,800 a shekarar 1981. Har yau yana nan a waɗannan wurare, har yau kuma ana kuka da shi. Masana na jami'ar Cape Town da suka bi kundin ƙungiyoyin mafarauta da bayanan gonaki sun tarar cewa gonakin da suka fi kisa a bana sukan fi asarar tumaki a baɗi. Bayanin da ake bayarwa yana cikin halin dabbar da muka riga muka gani. Babban namiji mai yanki yana korar baƙi. Idan aka kashe shi alamunsa suka gushe, matasa masu neman wuri sukan shigo, wani lokaci fiye da ɗaya, kuma ɗan akuya ya fi zomo sauƙin kamu ga wanda bai ƙware ba.

A wajenmu messo bai da yawa irin na can, saboda haka kisa yana iya ƙarar da shi a yanki. Amma ƙarar da shi ba zai taɓa dila da karnuka ba, waɗanda su ne masu yawancin ɓarnar.

Guba ta fi muni. Messo ya fi son abin da ya kashe da kansa, ba kasafai yake cin mushen da ya tarar ba. Masu zuwa su ne dila, yanyawa, hankaka, ungulu, da karen garke shi kansa. Tun zamanin mulkin mallaka har bayan samun ƴancin kai an yi amfani da gubar istirikinin a ƙasashen Sahel, har da Nijar, don kashe kuraye da dila, kuma ta tafi da namun daji da yawa da ba su aka nufa ba. Yanzu maganin ƙwarin gona ake zubawa. Mushe ɗaya mai guba yana iya kashe ungulaye da yawa a wuni guda, kuma tun 2015 aka sa nau'i huɗu na ungulun Afirka cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Ungulu ita ke share gawa kafin ta ruɓe. Inda ta ragu, gawa tana daɗewa, karnuka suna ƙaruwa a kanta. Ga kuma yaron da zai taɓa, da ruwan damana da zai wanke ragowar zuwa tabki. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta hana amfani da guba wajen kama ko kashe namun daji. Wanda wata dabba ta addaba, ma'aikatan gandun daji zai kai wa kuka.

A garke

Shingen ƙaya mai tsayin ƙirji yana iya tare dila idan ƙasansa a toshe yake. Dabbar da ke tuma mita 3 kuwa ba ta ganinsa a bakin komai. Ba kowa ke da halin yi wa garke duka rufi ba, kuma ba a buƙata. Ƴan awaki da ƴan tumaki na watannin farko su ne abin nema, su za a yi wa ɗan ɗaki mai rufi, da zana ko itace ko raga, a kusa da inda mutane ke kwana. A tabbata babu kafar da kai zai shiga, domin messo idan ya samu kansa cikin matsattsen wuri da dabbobi suna ta tsalle yana iya kashe fiye da abin da zai ci. Ɗakin ya samu iska, a share shi, a riƙa sauya masa wuri, kada a guje wa messo a faɗa wa zawo da tari.

A sauka nesa kaɗan da bakin ƙorama mai duhu da gindin dutse idan akwai zaɓi. A dawo da garke da sauran haske, a ƙirga a bakin shinge, a koma neman wanda ya rage tun kafin duhu. Uwar da ta kusa haihuwa a bar ta a gida. Da ɗari kada a saki ƙanana da sassafe su kaɗai.

Kare yana da amfani sosai, domin messo ba ya son hayaniya kuma farautarsa ta lalace da zarar an gan shi. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya manyan karnuka ƴan asalin Turkiyya, ana sa su cikin garke tun suna ƴan kwikwiyo don su taso suna ɗaukar awaki a matsayin danginsu, kuma masu su sun ba da shaidar raguwar asara. Dabarar tana cikin renon, karenmu na gida ma yana iya koya idan ya girma cikin garke kuma ana ba shi abinci ya ƙoshi, domin kare mai yunwa shi kansa ɓarawo ne. A yi masa allurar haukan kare, a riƙa ba shi maganin tsutsar ciki, kuma kada a jefa masa ɗanyen kan tunkiya ko kayan cikin dabbar da ta mutu, domin ta nan tsutsar da ke sa tumaki juwa take zagayowa ta koma garke.